Jar Saniyar da Ba Tamu Ba

Duk wanda ya daɗe bai zo Dakoro ba, in ya sauka a tasha maganarsa ɗaya ce: kai, gari ya ci gaba! Ba na musu da shi. Kwalta ta iso, wutar kuran, wato lantarki, ta iso, shagunan butik sun jeru a bakin hanya, ko tsakiyar bazara kana samun ruwan da zai ƙage maka haƙora don sanyi. Ni ma na ci rabona a ciki, rufin kwanon da ke kan ɗakina daga nan ya fito. Amma in aka yi wannan magana a gaban Baba, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi, ni kuwa raina ya ɓaci har in kasa ɓoyewa. Dalilin wata jar saniya ce, wadda ma ba tamu ba.

Baba dillalin dabbobi ne tun kafin a haife ni, har gwiwoyinsa suka hana shi zagayen kara. Yana da wani aboki Bafillace daga arewa, wajen Azagor, wanda ba ya sauka ko'ina sai zaurenmu duk lokacin da ya kawo dabba kasuwa. Bappa muke ce masa tun muna yara, har yau kuma haka nake kiransa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, amma in suka haɗu da Baba sai a rasa mai tsayar da su. Baba ya ce masa ɗan daji wanda bai san amfanin ƙofa ba, shi kuma ya ce wa Baba Kaɗo mai tumbin tuwo. Su sha shayi, su tsokani juna, su tashi su yi salla kafaɗa da kafaɗa.

Wata shekara damina ta yi mana gardama. Baba ya sayar da shanunsa na huɗa, ya bi da tumaki ɗaya bayan ɗaya, don a samu abin sa wa a tukunya. A shekarar ce ni ma na dawo gida da 'ya'ya biyu bayan rasuwar mijina. Bappa ya zo ya ga bayan gida wayam, ya sha furarmu da ruwa zalla babu ko ɗigon nono, ya koma. Bayan kasuwa biyu sai ga shi yana jaye da karsana ja mai farin goshi. Ya miƙa wa Baba igiyar ya ce, "Habbanaye ce."

Habbanaye aron saniya ne, amma ba irin aron turmi ko tabarma ba. Makiyayi zai zaɓi karsana daga cikin waɗanda ya fi so, ya kai wa mutumin da ya yarda da shi. Ka riƙe ta har ta haihu sau uku. Nonon naka ne, 'ya'yan naka ne har abada, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a sa mata wuƙa, ba a ɗaura mata garma, ba a ɗaga mata sanda. In abinci ya yi kaɗan, ita ke fara ci kafin dabbobinka. In ta mutu a hannunka ba a bin ka komai, kuma wannan ne ya sa abin ya fi nauyi, don babu mai tsaron ta sai kunyarka. Baba ya karɓi igiyar. Tun daga ranar burinsa ɗaya ne: ya ga ranar da zai mayar da ita tana sheƙi, da sabuwar igiya, a gaban mutane.

Ni ce mai tatsarta bayan ta yi haihuwar fari. Saniya ce mai ji da kanta. Sai na sosa mata wuya na yi mata 'yan maganganu kafin ta saki nono, in kuwa na zo da fushi daga wani wuri sai ta riƙe abinta, ta juyo ta kalle ni. 'Ya'yana da nononta suka yi jiki. Ta fara da maraƙi, bayan shekara biyu ta kawo maraƙa ja sak irinta. Duk zuwan Bappa sai ya zagaya bayan gida ya shafa mata baya, ya ce wa Baba, "Kaɗo, ashe kun iya wani abu ban da ci." Baba ya yi ta dariya har hularsa ta karkace.

A cikin waɗannan shekarun ne garin ya buɗe. Ni ina sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, da dambun zogale in an yi la'asar. Da na fara, mai ci nan yana ci a kwano, mai tafiya da shi gida yana zuwa da nasa kwanon. Leda akwai ta, amma abu ce mai daraja. Na tuna Inna, Allah ya jiƙanta, tana wanke leda ta shanya a kan danga, ta ninke ta sa ƙarƙashin katifa. Da motoci suka yawaita, sai ga leda dami-dami, arha kamar ƙasa. Direba ba ya da lokacin zama, fasinja yana miƙo hannu ta taga, saurayi mai moto yana jin kunyar a gan shi da kwano. Na koma ƙulla abinci a baƙar leda, shinkafa a ɗaya, mai da yaji a wata, in haɗa su in sa a ta uku. Ciniki ya buɗe mini yadda ban taɓa zato ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.

Yayana ya fi ni cin moriyar zamanin. Ya sayi injin ƙulla ruwan leda, ya sa firigo biyu, ya ɗauki samari aiki, amalankensa suna zagaya unguwa-unguwa har ƙauyuka. Tun bai je Makka ba aka fara ce masa Alhaji, bai kuma taɓa hana kowa ba. Ba mugu ba ne. Shi ke sayen maganin gwiwar Baba, shi ya biya wa babban ɗana kayan lakwal, wato makarantar boko. Sai dai mutum ne wanda in abu ya fita daga hannunsa ya shiga hannun mai saye, to ya gama da shi, ko ina ya faɗa ba ruwansa.

To, ina yake faɗawa? Ƙasa. Mutum ya huda leda da haƙori, ya zuƙe, ya saki nan inda yake tsaye, ko da ƙofar masallaci ce. A sayi dunƙulen magi guda, a sa shi a leda. A sayi allura, a sa ta a leda. Iska ta kwasa ta kai bayan gari, aduwa da magarya su kama, har ka daina ganin ganye. Gonar da ke kusa da gari, duk saran da ka yi sai hauya ta fito da baƙin tsumma. Da damina ruwa ya rasa hanya ya kwanta a lungu ya yi kore, sauro ya samu gida. Kowa yana gani. Kowa yana cewa kai, ledar nan ta yi yawa, yana faɗa yana jefar da ta hannunsa.

Shanun unguwa kuwa da safe makiyayi ke kora su daji, da yamma in sun kusa gari ya sake su, kowace ta san gidansu. Hanyar jar saniya ta bayan tasha take bi. Wata yamma cikin rani na leƙa bayan rumfata zubar da ruwan wanke-wanke, sai na gan ta kan juji, ta sa harshe tana naɗe leda mai maiƙo. Dabba da rani gishiri take nema, ledar abinci kuwa ga gishiri ga mai. Ban san lokacin da na buga mata ludayi a hanci ba, ita da ba a ɗaga wa sanda. Na cusa hannu a bakinta na jawo, sai ga leda tana fitowa doguwa da yawu, ta tsinke, sauran ta haɗiye a gabana tana kallona.

Na gaya wa Baba. Ya ce a ɗaure ta a gida. Aka ɗaure ta kwana huɗu, tana kuka tun fitar garke har dawowarsa, ta ƙi dussa, ta riƙe nono. Harawa kuma a watan nan ta fi ƙarfin gidanmu a ce kullum. Baba ya ce ba za a mai da amanar mutum fursuna ba, aka sake ta, aka roƙi makiyayi ya riƙa rako ta har ƙofa. Ya yi kwana uku yana yi, ya gaji.

Sai na je wurin Yaya. Na same shi a gaban injinsa, ruwa na faɗowa ɗaya bayan ɗaya cikin kwando.

Na ce, "Yaya, samarin ga naka masu kai ruwa, mi za ya hana in za su dawo su kwaso ledar da anka sha? Amalanken wohi suke dawowa."

Ya ce, "In kai ta ina? In dahwa?"

"Ka haƙa rami, ka ƙone, ka yi yadda za ka yi. Shanu na ci."

Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai da hwaɗa anka haihe ki. Mutum goma sha na cin abinci nan wurin. Ki tahi Maradi ki gani, duk garin da ya waye haka yake. Ko so kike mu koma shan ruwan guga saboda saniya?"

Na ce ban ce a koma ba, cewa na yi a kwashe. Ya ce to in fara da nawa jujin. Nan ya kama ni, don gaskiya ce, kuma babu abin da ke ba ni haushi kamar Yaya ya yi gaskiya. Na dawo na share bayan rumfata na ƙone, hayaƙin ya hana maƙwabciyata mai ƙosai numfashi, muka yi cacar baki. Kafin jibi iska ta kawo wata ledar ta cika wurin.

Shekarar da saniyar ta ɗauki ciki na uku, Baba ya fara shiri. Ya sa aka tufka masa igiyar kaba mai kyau, ya ajiye turmin atamfa don matar Bappa, da sukari da ganyen shayi. Cikin ya yi girma ƙwarai. Maƙwabta suna tsokanar Baba, suna cewa tagwaye ne, Bafillace zai yi da-na-sani. Baba yana washe baki. Mu mutane ne da muka tashi muna auna lafiyar dabba da cikar cikinta, in ciki ya taso, to ta ƙoshi. Saboda haka muka daɗe muna kallon tumbin muna murna, ba mu kalli haƙarƙarin da ke fitowa ɗaya-ɗaya ba. Ta rage tuƙa. A zuba mata dussa ta ɗan taɓa ta bari. Baba ya jiƙa mata kanwa, ya sa aka samo sassaƙe aka dafa, aka yi mata tofi don bakin mutane. Gashinta ya dushe, ƙugunta ya fito kamar an rataya zane a kan kujera.

Mahaucin unguwarmu ne ya fara faɗa. Ya shigo gaida Baba, ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ya dunƙule hannu ya danna mata gefen hagu, ya cire, wurin ya zauna a lotse bai taso ba.

Ya ce, "Malam, wanga ba ɗa ba ne kaɗai. Leda ce. Kullum muna hidda ta. In kana son ka tsira da wani abu, ka ba ni ita yanzu tun da sauran nama."

Ban taɓa ganin Baba ya kori baƙo ba sai ranar. Ya nuna masa ƙofa da sanda yana cewa mahauci ko ɗan akuya ya gani yana tsalle, tukunya yake hango masa. Amma da gari ya waye shi da kansa ya ce in kira likitan dabbobi.

Likitan saurayi ne mai natsuwa. Ya duba idonta, ya danna inda mahauci ya danna, ya saurari cikin. Ya ce maganar mahauci gaskiya ce, tumbin ya cika, abinci ba ya samun wuri. Babu allurar da ke narkar da leda. Hanya ɗaya ce: a tsaga gefen hagu, a kwashe da hannu, a ɗinke. Ya ce yana yi, wasu suna tashi, wasu ba sa tashi, ita kuma ga ciki ga rama, ba zai yi mana alkawari ba. Amma in za a yi, a yi yau ko gobe, don kowane kwana yana rage mata ƙarfi.

Na ce a yi. Baba ya ce a'a.

"Ba ni sa ma amanar mutum wuƙa bai sani ba."

"Baba, wuƙar magani ce, ba ta yanka ba ce."

"In ta mutu ƙarƙashinta hwa? In ce mashi mi? In ce ni na miƙa ta anka hwarke?"

"In tamu ce ai da ka yarda."

Ya ce, "In tamu ce da tun jiya an yi. Ba tamu ba ce, ɗiyata. A nemo mai ita."

Bappa yana da waya, amma da bazara sun yi nisa da dabbobi zuwa wata rijiya inda babu rezo, waya ba ta shiga. Na kira har yatsana ya gaji. Baba ya ba da saƙo ga wani mutumin Azagor ran kasuwa, ya ƙara ba wani direba mai shiga arewa. Muka zauna jira. Ina dama mata kunun dussa in ɗura mata da kwalba, rabi ya shiga rabi ya zubo. Kullum da safe sai na sake yi wa Baba magana, da lallashi, da kuka, har da ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba kuma har yau ina jin kunyarsa. Shi kuwa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa kusa da ita, yana kore mata ƙuda da mafici.

Na yi fushi da Baba a kwanakin nan, amma yanzu ba da shi nake fushi ba. Ƙa'idar da ya riƙe ta tsare shanun mutane tun kakanni. Waɗanda suka kafa ta sun san ciwon huhu, sun san ciwon baki da kofato, sun san yunwar bazara, duk abubuwan da ake jira a ga hukuncin Allah. Ba wanda ya taɓa gaya musu za a yi zamanin da saniya za ta cika cikinta da abin da ba ya ruɓewa, a tsakiyar gari, a kan hanyarta ta zuwa gida. Mun canza abin da ke ƙasa gaba ɗaya a cikin 'yan shekaru, muna tafa wa kanmu, muka bar tsoho yana fama da abin da ya gada, sannan har wasu suka samu bakin cewa taurin kansa ne ya kashe ta.

Ran kwana na goma sha ɗaya da hantsi ta kwanta ta kasa tashi. Maza huɗu suka zura itace ƙarƙashinta suka ɗaga, ƙafafun suka lanƙwashe. Limamin unguwa ya zo ya ce wa Baba kada a bari ta zama mushe, mai ita ma ba zai so haka ba. Baba ya ɗaga kai ya ce a kira mahaucin da ya kora. Sannan Baba ya shige zaure ya juya wa ƙofa baya.

Ni na tsaya. Da aka farka cikin, ɗan ya fito tukuna, mace ce, ja, ta cika halitta har da farin goshi, ba ta motsi. Sannan mahauci ya tsaga tumbin. Babu ciyawar kirki ko cikin tafi. Dunƙule ne guda, baƙi ƙirin, ya murɗe ya cure da igiyoyi da guntun buhu, sai da mutum biyu suka kama kafin ya fito. Warinsa ya kori yara. Mutanen unguwa suka kewaye suna salati, kowa yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba, alhali mahauci yana gaya musu ko makon jiya ya ciro irinsa.

Yaya ya iso a kan moto, ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce, "Ƙaddara ce. Allah ya mayar da alheri."

Nan kaina ya yi zafi. Na ce ƙaddara ce ta huda leda da haƙori ta yar? Na ɗauko bokiti na kwara wa dunƙulen ruwa, na sa hannu ina yagowa, ina neman fararen ledojin ruwansa don in manna masa a fuska a gaban jama'a. Na same su kuwa, da yawa, shuɗin rubutun ma bai gama gogewa ba. Ina jefa masa a ƙafa ɗaya bayan ɗaya ina faɗin maganganun da ba a faɗa wa babban wa. Sai hannuna ya kamo wata baƙa mai ƙulli. Ni ina da yadda nake ƙulla abinci, in murɗa bakin sau biyu in bar kunne ɗaya dogo don mai moto ya rataya. Duk tashar ba mai yin haka sai ni. Na jawo wata, ita ma haka. Na jawo ta uku. Sai na zauna a ƙasa cikin ƙazantar, na ce, "Wagga tawa ce." Yaya ya tura motonsa ya fita bai tayar ba.

Baba ya hana a sayar da ko tsoka ɗaya. Aka raba naman sadaka, a gidanmu ba wanda ya kai baki. Ya sa aka shanya fatar da jelarta, aka ajiye ƙahonin, don haka ake yi, a nuna wa mai dabba shaidar abin da ya faru. Dunƙulen ma ya ce a ɗora a kan katanga ya bushe.

A makon nan na rantse na bar leda. Na sayo kwanoni, na ce mai son abinci ya ci nan ko ya zo da mazubi. Masu ciniki suka yi mini dariya suka matsa rumfar gaba, wadda ba ta rantse da komai ba. Kwana shida ina dawowa da tukunya rabi, yara suna cin shinkafa safe da rana har suka fara ƙi. Ran na bakwai na aika aka sayo damin leda. Ina ƙullawa ina zagin kaina, ina zagin mai saye, ina zagin duk wanda ya kawo mana abin da babu wanda ya yi tunanin inda za a kai shi in an gama.

Bappa ya iso bayan kwana tara da yankan. Saƙon ya same shi a makare, ya yi kwana biyu a kan raƙumi kafin ya samu mota. Da ya shigo ya ga Baba, bai tambaya ba. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, lafiyar gida, lafiyar dabbobi, gajiya, zafi. Sannan Baba ya tashi da kyar ya ɗauko fatar ya shimfiɗa a gabansa, ya ɗora ƙahonin. Bappa ya shafa farin goshin da tafin hannu. Ya ce wannan saniya daga zuriyar wadda mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa ta fito.

Baba ya ce, "Ga ɗiyarta nan, karsana. Ka tahi da ita madadin uwar."

Bappa ya ce, "Ba a yin haka, ka sani. Abin da ta haiha naka ne."

Baba ya ba shi labarin likita, bai rage komai ba, har da yadda na roƙe shi ya ƙi. Ya ce, "Da ka ce mi?"

Bappa mutum ne da ba ya ƙarya, kuma ba ya son ya ƙara wa abokinsa ciwo. Ya ce, "Da ni ma ban san abin da zan ce ba." Ya miƙe ya je wurin katanga, ya taɓa dunƙulen da sandarsa. Ya bushe ya yi tauri, sandar tana ƙara a kansa. Ya zagaya shi, ya tambaye ni ko duk wannan daga cikinta ya fito, na ce daga cikinta. Ya juya ya kalli karsanar da ɗan bijimin suna tsaye a inuwa.

Ya dawo ya zauna, ya ce, "Ina roƙon abu guda. Ka ba ni su biyun in kai daji. Naka ne, abin da sunka haiha naka ne, ran da kake so ka aiko a kawo maka kasuwa. Nono ne dai ba ni iya kawo maka. In sun zauna nan, hanyar uwarsu za su bi."

Baba ya ce, "Ashe gidana ya zama inda ba a barin dabba."

"Ba gidanka ba ne, Kaɗo. Ƙasar garinku ce ta lalace."

Na jira Baba ya rama, ya ce masa ɗan daji, ko wani abu. Bai rama ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Ka tahi da su."

Da sassafe Baba ya kwance su da hannunsa. Ya raka su har bakin kwalta yana dogara sanda, ni ina biye. Karsanar tana waiwaye tana kuka, motoci suna yi musu oda, wani yaron mota yana ihu a kawar da shanu daga hanya. Sai da suka ɓace Baba ya juyo.

Da muka shiga gida ya tsaya a bayan ɗaki, ya nuna mini turken saniyar da sandarsa. Itacen ƙirya ne, kakanmu ya kafa shi, igiya ta ci wuyansa har ya yi santsi. Ya ce in cire.

Na ce, "Baba, a bar shi. Wata rana..."

Ya ce, "Cire shi, kar yara su yi tuntuɓe."

Na girgiza, ya ƙi motsi. Na ɗauko dagi na durƙusa ina haƙa, Baba yana tsaye a kaina. Sai da na kai zurfin kamu ɗaya kafin ya saki, kuma ƙasar da na tono daga gindinsa rabinta leda ce.